Gangara ba Juyi ba ce: Ƙaramin Zaɓi a Harshen Python da Jerin Kalmomin Hausa

Ranar 30 ga Nuwamba, 2004 aka fitar da Python 2.4, sabon zubi na ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhajar kwamfuta da su. Cikin sauye-sauyen da ya zo da su akwai wani ɗan ƙari da Raymond Hettinger ya yi wa umarnin sort, wato umarnin da yake jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba. Daga wannan zubi, mai rubuta manhaja yana iya ƙara reverse=True a jikin umarnin, jerin ya fito daga babba zuwa ƙarami. Wanda ya kalli abin sama-sama zai ce sauƙi kawai aka kawo wa malalata, domin tun kafin lokacin ana iya jera abubuwa da sort, sannan a kifa jerin da wani umarni mai suna reverse, aiki ya ƙare a layi biyu. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa hanyoyin nan biyu ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba, kuma duk harshen kwamfutar da ya bar mai amfani da shi ya ƙirƙiro wa kansa hanyar gangara ya jingina masa nauyin da bai kamata ya ɗauka ba. Masu ƙirga kalmomi, ciki har da manazarta Hausa, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, ko da yake ba kasafai ake jin muryarsu ba idan ana muhawara a kan irin wannan.

Misali zai fi bayani. A ɗauka an ƙirga kalmomi huɗu a wani gajeren matani, aka kuma tsara su bisa abajada: gida ta fito sau 3, hanya sau 3, kasuwa sau 1, ruwa sau 5. Idan aka jera su bisa yawan fitowa daga ƙasa zuwa sama, za a sami kasuwa, gida, hanya, ruwa. Kalmomin gida da hanya sun yi kunnen doki, saboda haka umarnin ya bar su a sahun da ya same su. To, idan aka kifa wannan jeri, abin da zai fito shi ne ruwa, hanya, gida, kasuwa: hanya ta sha gaban gida, alhali babu abin da ta fi ta da shi. Amma idan aka yi amfani da zaɓin gangara, sai a sami ruwa, gida, hanya, kasuwa. Adadi ya gangaro kamar yadda ake so, tsarin abajada kuma ya tsira a tsakanin waɗanda suka yi canjaras. Na farkon shi ya cancanci a kira shi juyi, na biyun kuwa gangara.

A kalmomi huɗu bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma jerin yawan fitowar kalmomi, wanda shi ne abu na farko da mai nazarin rumbun matani yake fitarwa, kusan dukansa kunnen doki ne. Tun a littattafansa na 1935 da 1949, George Kingsley Zipf na Jami'ar Harvard ya nuna cewa 'yan kalmomi kaɗan ne suke cika matani, sauran kuwa jefi-jefi suke fitowa. A Hausa, ƙananan kalmomi irin su da, a, na, ta, ya su suke zama a saman jeri da tazara mai faɗi a tsakaninsu. Da an ɗan gangaro sai tazarar ta tsuke, har a kai inda ɗaruruwan kalmomi suke da adadi ɗaya, sannan a ƙasa a tarar da tarin waɗanda sau ɗaya tak suka fito, waɗanda sukan kai kusan rabin dukan kalmomin jerin. Ma'anar wannan ita ce, adadi shi kaɗai ba ya iya tsara mafi yawan jerin. Abin da yake tsara shi shi ne hukuncin da umarnin jerawa yake yanke wa masu kunnen doki.

Ga kuma inda abin yake taɓa aiki. Mai shirya littafin koyon karatu na firamare, ko ƙaramin ƙamus na ɗalibai, yakan ce zai ɗauki kalmomi 1,000 da suka fi yawan fitowa. Da wuya layin yankan ya faɗa daidai kan iyakar adadi biyu. Galibi yakan faɗa ne a tsakiyar wani rukuni na kalmomi masu adadi ɗaya, wasu su shiga, wasu su saura a waje. Idan gangara aka yi a kan jerin abajada, masu farawa da a, b, c za su shiga. Idan juyi aka yi, masu farawa da z, y, w ne za su shiga. Manazarta biyu da suka yi aiki a kan rumbu ɗaya, da ƙidaya ɗaya, za su fitar da jeri mabambanta, kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ne ya yi kuskuren lissafi. Babu ɗayan hanyoyin da ta fi gaskiya ta fuskar ilimin harshe, domin harafin farko ba hujjar fifiko ba ne. Amma dole ne mai bincike ya san wadda ya bi, ya kuma iya faɗa, don wani ya maimaita aikin ya sami abin da ya samu.

Rubutun Hausa na yau da kullum yana ƙara yawan kunnen doki ta wata fuska. Da yake ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, gari na zama da gari na tuwo sura ɗaya suke da ita a takarda, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. A rumbun bayanan ƙamus, inda kowace ma'ana take da gurbinta, mai ƙamus ya riga ya yanke wadda za ta zo farko, wataƙila bayan dogon tunani. Umarnin da yake kiyaye sahu zai mutunta wannan hukunci duk ta inda aka jera. Juyi kuwa zai sa ma'ana ta biyu ta hau kan ta farko a kowane gurbi, ba tare da wata sanarwa ba.

Yadda Python ya warware matsalar yana da ban sha'awa saboda sauƙinsa. A 2002 Tim Peters ya rubuta wa harshen sabuwar dabarar jerawa, wadda aka sani da Timsort, ta kuma shiga zubi na 2.3 a 2003. Ɗaya daga cikin siffofinta shi ne kiyaye sahu: abubuwa biyu da suka yi daidai a ma'auni ba sa musayar wuri. Da aka zo ƙara zaɓin gangara, sai aka yi wannan: a kifa jerin tun kafin a fara, a jera shi daga ƙasa zuwa sama kamar kullum, sannan a sake kifa shi. Kifawar farko ta sauya wa masu kunnen doki wuri, jerawa ta bar su haka, kifawa ta biyu ta mayar da su inda suke tun asali. Kuɗin wannan dabara kaɗan ne. Jera abu miliyan ɗaya da suke a hargitse yana cin kwatance wajen miliyan 20, alhali kowace kifawa musayar wuri 500,000 ce kawai. Kowane mai rubuta manhaja yana iya yin matakan nan uku da hannunsa. Sai dai kafin ya yi, tilas ya fara sanin cewa akwai matsala, kuma mafi yawan waɗanda suke jera kalmomi don rubuta kundin digiri ba su da dalilin da zai sa su yi zargin haka.

Akwai masu ra'ayin cewa bai kamata a cika umarni da zaɓuɓɓuka ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Duk zaɓin da aka ƙara, sai an rubuta bayaninsa, an gwada shi, an kuma ci gaba da ɗawainiya da shi shekara da shekaru, domin da zarar mutane sun dogara da shi cire shi ya zama rigima. Sun fi son harshe ya ba da ƙananan tubala, kowa ya haɗa abin da yake so. JavaScript da Ruby a wannan tafarki suke: umarnin jerawarsu ba shi da zaɓin gangara. Mai son gangara ko dai ya kifa sakamako, ko ya rubuta tasa dokar kwatance, ko ya mayar da lambobin zuwa ƙasa da sifiri domin babba ya koma ƙarami.

Duban abin da waɗannan dabaru suke haifarwa shi yake raunana hujjar. A JavaScript, idan ba a ba umarnin sort dokar kwatance ba, yakan ɗauki lambobi a matsayin rubutu, ya kwatanta su harafi bayan harafi. Lambobin 3, 100 da 25 za su fito a matsayin 100, 25, 3, har mutum ya zaci gangara ya samu, sai ranar da 9 ta shigo ta zauna a bayan 3. Dokar da aka saba rubutawa don gangara ita ce a debe na farko daga na biyu. Wannan yana aiki a kan lambobi. Idan aka ba ta kalmomi, debewar ba ta ba da lamba, ƙa'idar harshen kuma ta ce a ɗauki irin wannan sakamako tamkar canjaras, saboda haka jerin zai dawo yadda ya shiga, babu ƙorafi babu gargaɗi. Ga kuma batun kiyaye sahu, wanda sai a ƙa'idar 2019 aka wajabta shi a JavaScript. Kafin injin V8 na Chrome ya koma kan Timsort a 2018, jerin da bai wuce abu goma ba yana kiyaye sahu, wanda ya haura goma kuwa babu tabbas. Mai gwaji da 'yan kalmomi kaɗan zai ga komai lafiya lau. A Ruby har yau bayanin harshen bai yi alkawarin kiyaye sahu ba, don haka maganar bambanta gangara da juyi ma ba ta taso ba sai mutum ya ƙara wa kowane abu lambar matsayinsa da kansa. Dabarar mayar da lamba ƙasa da sifiri ita ma tana da nata rami: ba ta aiki a kan kalmomi sam, kuma a Java, lamba mafi ƙanƙanta da nau'in int yake ɗauka, wato -2,147,483,648, idan aka juya alamarta ita ɗin dai take dawowa.

Abin da waɗannan kurakurai suka yi tarayya a kai shi ne shiru. Manhajar ba ta tsayawa, jeri yana fitowa, kuma samansa, inda ido yake fara sauka, daidai yake. Ɓarnar tana can ƙasa, a shafi na ashirin na rataye, inda mai duba kundi ba ya zuwa. Idan aiki ya zama na kullum ga dubban mutane, kuma hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya tana ba da sakamako mai kama da daidai alhali ba daidai ba ne, to wurin wannan aiki cikin harshen ne, inda ƙwararru kaɗan za su yi shi sau ɗaya su gwada shi da kyau. Masu Python da kansu sun nuna inda suka tsaya a 2008: da suka fitar da zubi na 3.0 sun cire damar ba umarnin sort dokar kwatance kai tsaye, amma suka bar zaɓin gangara da zaɓin ma'auni.

Adalci ya sa a ce ba zaɓi irin na Python ne kaɗai mafita ba. Java, tun zubi na 8 a 2014, ya ba da hanyar juya dokar kwatancen kanta ta umarnin reversed, kuma da yake jerawarsa tana kiyaye sahu, sakamakon gangara ce ta gaskiya. Wannan ma cikin harshen aka gina shi, don haka bai saɓa wa matsayin da ake karewa a nan ba. A wani wurin ma ya fi na Python, domin zaɓin Python guda ɗaya ne kuma yana hawa kan dukan ma'aunai lokaci ɗaya. Mai son adadi ya gangaro amma abajada ta hau, wanda shi ne ainihin abin da jerin kalmomi yake bukata, ba zai samu da kira ɗaya ba sai da dabara. Hanyar da bayanin Python ya koyar ita ce a jera sau biyu, a fara da ƙaramin ma'auni, wato abajada, sannan a bi da babban, wato adadi, tare da zaɓin gangara. Wannan yana yiwuwa ne kawai saboda gangarar tana kiyaye sahu. Harshen SQL na rumbunan bayanai ya fi kowa tsabta a nan, domin kowane ma'auni yana ɗauke da alamarsa, DESC ga mai gangara, ASC ga mai hawa. Akwai kuma abin zargi a sunan da Python ya zaɓa. Kalmar reverse ita ce dai sunan umarnin kifawa, sai ga shi abu biyu masu sakamako daban suna amsa suna ɗaya. Harshen R, wanda masu ƙididdiga suke amfani da shi, ya kira nasa zaɓin decreasing, wato mai raguwa, sunan da ya faɗi abin da ake nufi.

Sai dai akwai wata matsala da zaɓin gangara ba ya taɓawa, kuma ita ta fi kusa da gida. Gangara tana juya alkiblar ma'auni ne kurum, ba ta gyara ma'aunin. Idan aka ba Python kalmomi ba tare da an faɗa masa yadda zai auna su ba, yakan bi lambar da tsarin Unicode ya ba kowane harafi. Ƙaramin a lambarsa 97, z kuma 122. Haruffa masu ƙugiya suna can nesa: ƙ tana 409, ƴ tana 436, ɓ tana 595, ɗ tana 599. Saboda haka a jeri mai hawa, ɓarawo da ɗaki da ƙasa duk sai bayan zuma suke zuwa, kuma ko a tsakaninsu ƙ ce take gaba da ɓ. A jeri mai gangara sai su taru a sama: ɗ, ɓ, ƴ, ƙ, sannan z. Manyan haruffan A zuwa Z kuma duk suna gaban ƙananan, don haka Zariya takan riga abinci.

Lamarin 'y ya fi wannan rikitarwa. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Nijeriya 'ya'ya. Alamar da take kan allon rubutu lambarta 39, ƙasa da kowane harafi, don haka kalmar takan zo farkon jeri mai hawa. Amma manhajojin rubutu sukan sauya wannan alama da kansu zuwa mai lanƙwasa, wadda lambarta 8217, sama da dukan haruffan Hausa. Kalma ɗaya ke nan mai mazauni uku a jeri, gwargwadon ƙasar da aka rubuta matanin da kuma manhajar da aka buga shi da ita. Rumbun da ya haɗa jaridun Kano da na Damagaram zai ƙirga ta a matsayin kalmomi uku, ya raba adadinta, kowane kashi ya gangara ƙasa da inda ya cancanta. Wannan ɓarna tana faruwa tun kafin a zo maganar jerawa.

Maganin yana cikin ɗaya ƙarin da ya zo tare da zaɓin gangara a 2004, wato key, wanda yake ba mai aiki damar faɗin ma'aunin da za a bi. Ana iya rubuta ɗan jadawali da zai sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, a kuma daidaita siffofin 'y kafin ƙidaya. Ba ma sai an fara daga tushe ba, domin rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode yana da ƙa'idar jera Hausa, wadda ta ajiye masu ƙugiya a bayan 'yan'uwansu, ta kuma ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu. Ko wannan hukunci na ƙarshe ya dace da kowane aiki, tambaya ce ta masana Hausa, su ya kamata su amsa ta, ba injiniyoyi ba. Abin lura dai shi ne rabon aikin da Python ya yi: ma'auni yana hannun mai harshe, alkibla tana hannun zaɓin gangara, kuma ana iya sauya ɗaya ba tare da an taɓa ɗayan ba. A harshen da sai an rubuta dokar kwatance kafin a sami gangara, abubuwan biyu sukan cakuɗe a layi ɗaya, wanda ya zo gyara ɗaya ya ɓata ɗayan.

Akwai juyi na uku da yake da kyau a ware shi, ko don kada a rikita shi da biyun farko. Shi ne jera kalmomi daga harafinsu na ƙarshe zuwa na farko, yadda masu ƙarewa iri ɗaya za su haɗu wuri guda. Ga Hausa, wadda jam'inta da jinsinta da ajin aikatau duk a ƙarshen kalma suke bayyana, irin wannan jeri taska ce: raguna da riguna da tuluna za su zauna kusa, haka masu ƙarewa da -oci ko -aye, kuma mai nazarin amsa-amo a rubutacciyar waƙa zai sami abin da yake nema cikin daƙiƙa. Wannan aikin ma'auni ne zalla, ana juya haruffan kowace kalma ne kafin a kwatanta, zaɓin gangara ba shi da hannu a ciki. Duk da haka Ingilishi da kalma ɗaya yake kiran ukun.

A nan ne masu ƙirƙirar kalmomin fannu a Hausa suke da damar da masu Python suka bari ta wuce. Yayin da ake fassara darussan kwamfuta da fuskokin manhajoji, abu mafi sauƙi shi ne a ɗauki kalmar Ingilishi ɗaya a ba ta fassara ɗaya, a gaji ruɗanin tare da ita. Hausa kuwa tana da isassun kalmomi: jeri mai hawa, jeri mai gangara, juyin jeri ko kifa shi, da jerin ƙarshen kalma. Ɗalibin da aka koya wa waɗannan sunaye huɗu ya riga ya san cewa abubuwa huɗu ne tun kafin ya taɓa kwamfuta.

Mujallu da sassan Hausa kuma suna da nasu rabon, wanda bai wuce jimla biyu a babin hanyoyin bincike ba. Duk kundi ko maƙalar da ta kawo jerin kalmomi bisa yawan fitowa, ya kamata ta faɗi tsarin haruffan da ta bi, da abin da ta yi da masu kunnen doki. Mutane da yawa suna amfani da umarnin most_common na Python, ko FreqDist na kunshin NLTK da aka gina a kansa, ba tare da sanin hukuncin da yake yankewa a madadinsu ba. Bayanin Python ya faɗa a fili cewa kalmomi masu adadi ɗaya suna fitowa ne bisa wadda aka fara cin karo da ita a matani. Wato idan aka sauya tsarin da aka loda fayilolin rumbu, aka fara da littattafan adabin kasuwar Kano maimakon jaridu, kalmomin da suke bakin layin 1,000 za su sauya, alhali ba a ƙara ko rage kalma ɗaya a rumbun ba.